Saba, takardar tsarinta, da sabon ɗan aiken da ke karanta ta

Duk saƙon da mutum ya aika ta talho, da duk takardar da ma'aikaci ya nema ta intanet, suna biyawa ne ta wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira saba, wato na'ura mai hidima, wadda ba ta hutu dare da rana. Kowace saba tana da takardar tsari inda aka rubuta mata ƙofar da za ta tsare, da inda za ta miƙa kowane mai buƙata, da wanda za ta hana shiga. Tana karanta takardar ne lokacin da aka tada ta. In injiniya ya gyara wani layi daga baya, ba za ta sani ba sai an gaya mata.

Hanyoyin gaya mata biyu ne. Ta farko, a kashe ta a sake tadawa, duk wanda ke tsakiyar aiki kuwa ya yanke. Ta biyu, a umurce ta ta sake karanta takardar tana cikin aiki.

Manhajar Nginx, wadda injiniyan Rasha Igor Sysoev ya fitar a shekara ta 2004, ta nuna kyan hanya ta biyu. A cikinta akwai shugaban aiki guda da ƴan ƙwadago da dama. Da zarar an aika wa shugaban wata alama mai suna HUP, sai ya duba sabuwar takardar. In ya tarar da kuskuren rubutu, sai ya ajiye ta, ya ci gaba da tsohuwar. In kuwa ta yi daidai, sai ya ɗauki sabbin ƴan ƙwadago bisa sabon tsari, ya ce wa tsoffin kada su karɓi kowa, amma su sallami waɗanda ke hannunsu kafin su tashi. Sunan alamar ma tsohon tarihi ne: ya samo asali daga kalmar Ingilishi ta ajiye kan talho, tun zamanin da ake haɗa na'urori da layin waya.

Sai dai wannan dubawa nahawu kawai take kamawa, ba ta kama mugun nufi ko gurguwar dabara. Ranar 4 ga Oktoba 2021, umurni guda da aka bayar lokacin gyara ya yanke Facebook da WhatsApp da Instagram daga duniya wajen awa 6, saboda manhajar da ya kamata ta tare shi ita ma tana da aibi.

Yanzu ga sabon ma'aikaci ya shigo: ɗan aike mai basirar na'ura, wanda ake ba umurni da magana, shi kuma ya zaɓi kayan aikin da zai taɓa. A watan Nuwamba 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da wata ƙa'ida mai suna MCP, wadda ta tsara yadda ake gabatar masa da kayan. Kowane kayan aiki yana da suna, da bayani cikin magana, da jerin abubuwan da za a cika. Ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan. Abin da aka rubuta masa kaɗai yake karantawa.

Saboda haka bayanin da ya ce "yana sabunta saba" bayani ne maras amfani, har ma mai haɗari. Kashewa yake nufi ko sake karantawa? Bayani nagari zai faɗi cewa kayan yana sa saba ta sake karanta tsarinta ba tare da yanke kowa ba, ya faɗi wace saba, ya ce a fara gwada takardar, ya kuma faɗi amsar da za ta dawo in an ƙi ta. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa bayanin ga sabon akawu da bai san gidan ba. In ya tsaya tambaya, to na'ura ma za ta rasa amsa, ita kuwa sau da yawa takan ƙaddara abin da ba a faɗa ba, ta wuce. Bayan haka a ba ɗan aiken ayyuka na gaske a wurin gwaji, a ƙidaya sau nawa ya ɗauki kayan da bai dace ba.

Akwai kuma ha'inci. A watan Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umurni cikin bayanin, ɗan aiken ya bi shi ya kwashe asirin mai shi, alhali mutum taƙaitaccen suna kawai yake gani a allonsa. Mai kayan yana iya ma sauya bayanin bayan an amince da shi. Ƙa'idar ta MCP ta tanadi alamun da ke cewa kaza karatu kawai yake yi, kaza yana iya gogewa, amma ita da kanta ta gargaɗi masu aiki da kada su dogara da alamun in ba daga amintacciyar saba suka fito ba. Hukumar da ta ɗauki irin wannan ɗan aike tana buƙatar ma'aikaci mai suna da zai sake karanta bayanan kayan duk ranar da aka sauya tsari, ya sa hannu kafin a buɗe.