Matar da Ta Zana Ƙasan Teku Tana Zaune a Ofis

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, yawancin masana sun ɗauka ƙasan teku fili ne shimfiɗaɗɗe, taɓo kawai. Wadda ta rusa wannan zato, Marie Tharp 'yar Amurka, ba a ma yarda ta taka jirgin bincike ba.

An haife ta a 1920. Ta samu damar karanta ilimin duwatsu a Jami'ar Michigan ne saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe samari, azuzuwa suka yi wayam. A 1948 ta kama aiki a Jami'ar Columbia da ke New York. A lokacin ba a fita da mata aikin teku, don haka abokin aikinta Bruce Heezen ke tafiya, ita kuma a jibge mata takardun awo.

Awon da sauti ake yin sa. Jirgi ya aika ƙara ƙasa, a lissafa lokacin da amsa-kuwwa ta ɗauka kafin ta dawo. Tunda sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, zurfin sai ya fito. Tharp ta riƙa bin waɗannan alƙaluma da fensir da rula, ɗigo bayan ɗigo, tana jera layuka shida da jirage suka ratsa arewacin Tekun Atlantika. A 1952 ta lura da wani abu: a ƙololuwar jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekun, kowane layi na nuna wani kwazazzabo mai zurfi. Ta ce nan ne ƙasa ke tsagewa.

Heezen ya yi watsi da batun, wai zancen 'yan mata ne. Tsoronsa a fili yake: in tsagar gaskiya ce, to Alfred Wegener, wanda aka daɗe ana yi wa dariya don ya ce nahiyoyi na motsi, shi ke da gaskiya. Sai da aka ɗora taswirar wuraren girgizar ƙasa a kan zanenta, aka ga sun bi kwazazzabon sau da ƙafa, sannan ya sauko. Duk da haka, da aka fara sanar da binciken a 1956, sunayen maza ne a kan takardar. A ganina wannan ya fi hana ta hawa jirgi ciwo.

Kada mutumin Gombe ya ce ina ruwansa. Wannan tsagar ce ke raba Afirka da Kudancin Amurka, 'yan santimitoci a shekara, kamar yadda farce ke tsiro. Sa'ad da nahiyoyin biyu suka fara rabuwa, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, wani reshen tsagar ya kutso cikin ƙasa bai kai ga zama teku ba. Shi ne kwarin Binuwai. Ruwan teku ya taɓa malalowa ta nan, shi ya sa ake tono ɓawon halittun teku a dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka da ke Jihar Gombe.

Sai a 1968 Tharp ta hau jirgin bincike. A 1977 ita da Heezen suka fitar da taswirar ƙasan tekunan duniya baki ɗaya. Aikin kuwa da sauran rina a kaba, domin har yau abin da aka auna dalla-dalla da na'urorin zamani bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ba.