Yadda Ake Haɗa Batir Na Biyu Don Sifikar Adaidaita Sahu

Idan kana jan adaidaita sahu a Koki, ka san matsalar: kana jiran fasinja, sauti na tashi, wayarka na caji, sai inji ya ƙi tashi. Mafita ita ce batir na biyu mai volt 12, na sifika da caja kawai.

Haɗa jan kebul (+) na batiran biyu ta cikin na'urar isolator, baƙin kebul (−) kuma ka ɗaure shi a jikin ƙarfen keken. Idan inji na aiki, duka biyun za su yi caji. Da ka kashe, isolator za ta raba su, batirin tayar da inji ya tsira.

Sa fis kusa da kowane batir. Kada ka haɗa + na ɗaya da − na ɗayan, domin volt 24 zai ƙona maka rediyo.