Kafin a Ce Mata Ta Koma Ɗakinta

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau na iyaye ne da waliyyai, da duk wanda wata rana za a buga masa ƙofa bayan isha'i, ya buɗe ya ga 'yarsa ko ƙanwarsa tsaye da goyo a baya, da ƙullin kaya a hannu. Ta yo yaji.

Kowa ya san abin da ke biyo baya. A ba ta ruwa, a zuba mata tuwo, uwa ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, mu ma da haƙuri muka zauna." Bayan kwana biyu miji ya zo biko da abokinsa, ya durƙusa a zaure, ya ce sharrin Shaiɗan ne. A raka ta ta koma. Sau da yawa hakan daidai ne, tunda zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma akwai macen da ba rigimar cefane ko ta kishiya ce ta fito da ita ba. Ranta ta gudo da shi, kunya ta hana ta faɗa, mu kuma ba mu tambaya ba.

A Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka akwai wata farfesar aikin jinya, Jacquelyn Campbell, wadda ta shafe shekaru tana bin diddigin matan da mazajensu suka kashe. A 2003 ita da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a birane 11, inda suka zauna da dangi da ƙawayen mamatan suna tambayarsu yadda zaman ya kasance. Sai ga labarin yana maimaita kansa: mijin ya taɓa ɗaga mata makami, ya taɓa cewa sai ya kashe ta, kuma shi ke juya duk motsinta. Can bindiga ce ta fi yawa. A nan wuƙa ce, da adda, da taɓarya, amma zuciyar da ke ɗaukar su iri ɗaya ce.

Bari in tsaya kan alamar da ta fi tayar mini da hankali, wato shaƙewa. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya yakan ninka fiye da sau bakwai. Abin da ke sa iyaye su raina shi kuwa, sau da yawa ba ya barin tabo. Mari yakan bar shatin yatsu, kowa ya gani ya yi faɗa. Shaƙa kan bar dashewar murya, da wahalar haɗiye, wani lokaci da ɗigon jini a cikin farin ido. Sai a ce mura ce, a dafa mata citta. Baba, Inna, in 'yarku ta zo muryarta a dushe tana dafe wuya, ku kai ta asibiti a daren, ko da ta ce ba komai, domin kumburin maƙogwaro na iya tasowa bayan sa'o'i.

(Gajeren kiɗa)

Kafin a kai ga hannu, akwai abin da mukan kira so alhali tsarewa ce. Ya ƙwace wayarta yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya. Ya hana ta gidan iyayenta, har gaisuwar rasuwa. Ya raba ta da ƙawaye, har ta rasa wanda za ta kai wa kuka. Sannan a fara fasa kwanuka da naushin ƙofa, a yi ƙwallo da kyanwar gida a gabanta don ta gani. In ya haɗa da shaye-shaye, tiramadol ko kodin ɗin da gwamnati ta haramta a 2018, wutar ta samu fetur. Ƙwaya dai ba ta ƙirƙirar mugunta, birki take cirewa.

Kada kuma a ɗauka maza kaɗai ke aikatawa. Ba mu manta da shari'ar Maryam Sanda ba, wadda kotu a Abuja ta samu da laifin kashe mijinta a hukuncin Janairun 2020. Magidancin da matarsa ta taɓa zaro masa wuƙa ko ta yi barazanar watsa masa tafasasshen mai yakan yi shiru don kada majalisa ta yi masa dariya. Abokinsa da ya ji ya kamata ya ɗauki maganar da nauyinta.

Hanyoyin doka suna nan. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi irin su Kaduna da Bauchi suka mayar tasu, ta hukunta barazana da tsoratarwa, ta kuma ba kotu ikon hana mutum kusantar wanda yake cutarwa. A kotun shari'a ma, fiƙihun Malikiyya ya ba alƙali damar raba aure in cutarwa ta tabbata.

Sai dai binciken Campbell ya gano cewa lokacin rabuwa na cikin lokuta mafi haɗari, musamman in miji ya saba juya matarsa. Ke nan ranar da ta iso gidanku haɗarin bai wuce ba. Kada a tura ta ita kaɗai ɗebo kaya. Kada a bar su su biyu a zaure da sunan su sasanta. A sanar da mai unguwa. Kuma kafin a karɓi biko, uwa ko gwaggo ta ja ta ɗaki, ta rufe ƙofa, ta tambaye ta kai tsaye: "Ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa ɗaga miki makami? Kina jin zai iya kashe ki?" In ta gyaɗa kai ko sau ɗaya, a ce wa masu biko su koma, maganar ta wuce zaure.

(Kiɗan rufe shiri)