Mai Ciwon Zuciya, Kada Ka Manta Da Ƙodarka

Ya kai mai karatu, idan likita yana zargin kana da ciwon zuciya sannan ya tura ka gwajin ƙoda, kada ka ɗauka ɓata kuɗi ne. Kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya shi ne kuma yake tsuke jijiyar da ke kai wa ƙoda jini.

Shin abin yana da yawa? A wani bincike na Jami'ar Duke ta Amurka a shekarar 1992, an duba mutum sama da 1,200 da aka yi wa hoton jijiyoyin zuciya. Kashi 30 cikin ɗari an same su da tsukewar jijiyar ƙoda, kashi 15 kuwa tasu ta tsuke da rabi ko fiye.

Cutar ba ta da zafi. Ƙodar da jini ya yi wa ƙaranci sai ta saki sinadarin renin, jini ya hau, ita kuma ta riƙa ƙanƙancewa. Babbar alama ita ce hawan jinin da ya gagari magani iri uku, musamman ga dattawa, masu ciwon suga da mashaya taba.

Wani babban bincike na 2014 ya nuna sa ƙarfen buɗe jijiya bai fi shan magani kaɗai amfani ba ga yawancin marasa lafiya.

Don haka riƙe maganinka, rage gishiri da magi, ka guji maganin ciwon jiki na kemis da jiƙe-jiƙen Kasuwar Kurmi ba da sanin likita ba. In kana cikin Birni, Asibitin Murtala na kusa; je a auna jininka. Allah Ya ƙara lafiya.