Daga ina ƙanƙara take faɗowa a ƙasa mai zafi kamar Bengu?

Wanda ya taɓa fakewa a ɗakin kwano a Bengu ranar da aka yi ƙanƙara ba zai manta ƙarar ba. Sai ka ce tsakuwa ake watsawa. Kafin a ɗauke, yara sun fita tsinta, manya kuwa hankalinsu na fadama, inda ganyen rake da na dankali ke kwance a yayyage. Abin tambaya: ƙasar da mutum ke jiƙewa da gumi tun hantsi, ina ta samo ƙanƙara?

Amsar tana can sama. Da damina, iska daga tekun Gine takan ratso Benin da Nijeriya ɗauke da danshi, shi ya sa yankin Gaya, inda Bengu take, ya fi ko'ina samun ruwa a Nijar, kimanin milimita 800 a shekara. Idan rana ta gasa ƙasa, iskar nan sai ta yi sama, kuma duk kilomita ɗaya da ta hau sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6. Wajen kilomita 5 an kai ma'aunin daskarewa, alhali kan babban hadari yakan kai kilomita 15. Ke nan yawancin ruwan da ke sauka a gonakinmu da ƙanƙara ya fara, a hanya ya narke.

Sai dai ruwa ba ya daskarewa haka kawai. Ɗigon da ba shi da gauraye yakan zauna a ruwansa har sanyi ya kai digiri 38 ƙasa da sifili. Yana bukatar ɗan abin da zai kama, kamar yadda mai saƙar faifai ke bukatar cibiya kafin ya fara zagaye. Ƙura na cikin abubuwan da suka fi iya wannan aiki. Da zarar ƙwaya ɗaya ta daskare, sai ta riƙa janye danshin ɗigon da ke kewaye da ita tana ƙiba. In iskar da ke hawa tana da ƙarfi, sai ta riƙe ta a sama, ruwa na manne mata yana daskarewa. Fasa babbar ƙanƙara ka duba, za ka ga ɓawo kan ɓawo kamar albasa.

Aikin ƙurar yankinmu bai tsaya nan ba. A kan tekuna akwai dogayen zirin tururi da masana ke kira kogunan sararin sama, wani ma yakan ɗauki ruwan da ya fi na kogin Amazon. Su ke kai wa yammacin Amurka ruwa da dusar ƙanƙara a lokacin sanyi. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013 ya gano ƙurar Sahara da ta Asiya a cikin gizagizan da ke kan duwatsun Kalifoniya, a can yammacin Amurka, tana taimaka wa ƙanƙara haɗuwa. Irin hazon da ke busar mana da leɓe da hunturu, shi ne irin ruwan wasu a bayan teku.

Ga inda maganar ta shafi rai. Gogayyar ƙanana da manyan ƙanƙara a cikin girgije ita ke tara wutar da ke fita a walƙiya da tsawa. Ƙanƙara da tsawa uwarsu ɗaya. Saboda haka in ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ƙasansa baƙi ƙirin, samansa ya baje kamar maƙera, ga iska mai sanyi ta taso da ƙura, to, aikin gona ya ƙare a ranar.

Ka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙararta: daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, tana kusa, nemi ginannen ɗaki ko cikin mota. Manomi ya ajiye fartanya ya fita daga fili, masunci ya fito daga ruwa, makiyayi ya janye garke daga gindin itace. Mata su kwashe shanya, a shigar da kaji da ƴan awaki, a hana yara tsintar ƙanƙara sai an yi rabin awa ba a ji tsawa ba. A kuma riƙa sauraron hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa a rediyo.

Ƙasar Gaya ƙasar giginya ce, kuma aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. An ce inuwar giginya na nesa ka sha. Ranar hadari ma, na nesa da ita ke tsira.