Bin Sawun Ruwa a Ƙwaƙwalwa: Haɗin Gwiwar Masana kan Lissafin Hoton Bazuwa da Matsayin Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake amfani da motsin ruwa wajen zana hanyoyin jijiya a ƙwaƙwalwar ɗan'adam, da dalilin da ya sa aikin ya zama na taron dangi tsakanin ƙasashe. Ta nuna cewa ingancin lissafin ya rataya ne ga irin mutanen da aka auna, sannan ta fito da gurbin da ke jiran masana Hausa a wannan fage.

1.0 Gabatarwa

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama magidanci a Maigatari ko Sule Tankarkar, sau da yawa abin da ya fi tayar wa iyalinsa hankali shi ne ɗaukewar magana. Yana iya gane fuskar ɗansa, amma sunan ya ƙi fita. Tun a 1861 Paul Broca ya danganta irin wannan larura da lalacewar wani sashe na hagun ƙwaƙwalwa, a 1874 kuma Carl Wernicke ya gano wani sashen da ya shafi fahimtar magana. Sassan biyu suna sadarwa ta wani damin zaruruwan jijiya mai lanƙwasa kamar baka. Hoton bazuwa, wanda ake ɗauka da na'urar MRI, shi ne ya ba da damar bin waɗannan zaruruwa a kan mutum mai rai ba tare da fiɗa ba.

2.0 Yadda Hoton Bazuwa ke Aiki

Ƙwayoyin ruwa ba sa tsayawa wuri guda. Robert Brown ya lura da alamun wannan motsi a 1827, Albert Einstein kuma ya bayyana lissafinsa a 1905. A cikin randa, ruwa na bazuwa ko'ina daidai wa daida. A cikin rake kuwa, ya fi sauƙin bin tsawon zaruruwa a kan ya ratsa su. Farin sashen ƙwaƙwalwa kamar raken yake, don haka duk inda aka ga ruwa ya fi karkata, nan jijiya ta dosa.

A 1965 Stejskal da Tanner suka fito da dabarar auna wannan motsi da maganaɗisu. Denis Le Bihan ya shigar da ita cikin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a Faransa a tsakiyar shekarun 1980. A 1990 Michael Moseley ya nuna cewa bazuwar ruwa na raguwa jim kaɗan bayan jini ya yanke wa wani sashe, abin da ya mayar da hoton makami na gano shanyewar jiki da wuri. A 1994 kuma Peter Basser da abokan aikinsa a Amurka suka gabatar da lissafin tensa, wanda ke buƙatar awo daga fuskoki aƙalla 6 domin fitar da alƙiblar jijiya a kowane ɗan gurbi na hoton.

Muhimmin abin lura shi ne, na'urar ba ta ganin jijiyar kanta. Alƙaluma kawai take tarawa, kwamfuta ce ke ƙaddara hanyar.

3.0 Matsalar Mararraba

Mai bin sawun shanu a kan burtalin da ya nufi kasuwar Maigatari ba ya shan wahala muddin hanya ɗaya ce. Da zarar burtali biyu sun gitta, sai sawu ya cakuɗe, ya rasa garken da ya miƙe da wanda ya karya kwana. Haka lissafin tensa yake: alƙibla ɗaya yake bayarwa a kowane gurbi, alhali mafi yawan gurabun farin sashe suna ɗauke da zaruruwa masu gittawa. Wannan ne ya haifar da sababbin dabaru da manhajoji na kyauta, irin su FSL ta Jami'ar Oxford, da MRtrix, da DIPY wadda masu bincike daga ƙasashe da dama suke ginawa tare.

Sai dai yawan dabaru ya zo da tasa tambayar: wacce ce gaskiya? A 2015 an shirya gasa, aka ba ƙungiyoyin bincike 20 hoton ƙwaƙwalwar kwaikwayo wadda aka riga aka san hanyoyinta. Sakamakon da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa yawancinsu sun gano akasarin hanyoyin gaskiya, amma sun zana na bogi da suka fi su yawa. Babu wata cibiya da za ta iya gano wannan aibi ita kaɗai. Sai da aka baje kolin aikin kowa a faifai guda.

Akwai kuma bambancin na'urori. Mutum ɗaya kan ba da alƙaluma mabambanta a asibitoci biyu, shi ya sa gamayyar ENIGMA, wadda aka kafa a 2009, take ɗora cibiyoyinta a kan tsarin tantancewa iri ɗaya kafin a haɗa sakamako.

4.0 Matsayin Nijeriya

Manyan rumbunan bayanan da ake gwada dabarun a kansu na Turai da Amurka ne. Shirin Human Connectome Project ya auna kimanin matasa 1,200 a Amurka, UK Biobank kuma ya auna mutum 100,000 a Birtaniya. A nan gida, binciken da Godwin Ogbole da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya ƙirga na'urorin MRI 84 kacal a Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Nijeriya, yawancinsu masu raunin maganaɗisu.

Duk da haka, an fara ganin amfanin haɗa kai. Dabarar da Daniel Alexander na Landan ya ɓullo da ita don hoton bazuwa, wadda ke koya wa kwamfuta inganta hoto mai rauni ta hanyar kwatanta shi da mai ƙarfi, an gwada ta tare da Asibitin Koyarwa na Ibadan a kan hotunan yara masu farfaɗiya. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Vanderbilt sun yi gwajin kare yara masu sikila daga shanyewar jiki, aka wallafa sakamakon a 2022. Wannan gwaji ya dogara ne ga auna gudun jini a kai da na'urar sauti, amma ya tabbatar da cewa ana iya gudanar da binciken ƙwaƙwalwa mai nagarta a ƙasar Hausa. Ciwon sikila kuwa yakan bar tabo a ƙwaƙwalwar yaro ba tare da alama a zahiri ba, sai hoton MRI ke tona shi.

5.0 Gurbin Masana Hausa

A 2023 masu bincike a Cibiyar Max Planck da ke Leipzig a Jamus sun kwatanta masu jin Jamusanci da masu jin Larabci ta hoton bazuwa, suka sami bambanci a yadda hanyoyin harshe suka haɗu. Idan harshen uwa na barin sawu a ƙwaƙwalwa, to Hausa, wadda ke rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, ta cancanci nata nazarin. Kalmomin "kai" na jiki da "kai" na wakilin suna sun isa misali.

Aiki uku ke jiran masanin harshe. Na farko, tsara gwajin magana da aka gina a kan nahawun Hausa, domin hoto ba shi da fassara idan ba a auna abin da majinyaci ya rasa ba. Na biyu, daidaita kalmomin fannu tsakanin Nijeriya da Nijar, ganin cewa majinyatan bakin iyaka kamar Maigatari daga ɓangarorin biyu suke fitowa. Na uku, rubuta takardar neman amincewa da manomi a Gagarawa zai fahimta, ya san inda hoton kansa zai je da wanda zai riƙe shi.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa taswirar jijiya ƙiyasi ne na lissafi, wanda ke inganta gwargwadon yawan masu bincikensa da bambancin mutanen da aka auna. Lissafin da aka daidaita a kan wasu al'ummu kawai yana iya kuskure a kan wasu. Shigar ƙasar Hausa cikin wannan aiki za ta amfani majinyacin Gumel, ta kuma gyara wa ilimin kansa mizani.