Ɗanyen Ƙwai Ba Ya Gyara Murya

Da zarar makarantun Islamiyya a Gurbin Ɓore, Shinkafi ko Ƙaura Namoda sun fara shirin walimar sauka ko gasar waƙe da wasan kwaikwayo, sai kowa a gida ya zama boka. An zaɓi yaro ɗan shekara 14 zai rera waƙa gaban alƙalai karon farko, sai goggo ta fasa ɗanyen ƙwai ta ce ya shanye, kawu ya kawo zuma da citta, wani ya ce a jiƙa masa kanwa. Duk wai don murya ta yi zaƙi. Abin ya ishe ni.

Murya tana fitowa ne daga wasu tantani guda biyu a cikin maƙogwaro, iskar huhu ke kaɗa su. Hanyar abinci daban, ta iska daban. Duk lokacin da mutum ya haɗiye, wani ɗan murfi yana rufe hanyar iska, abincin ya wuce ciki. To ta ina ƙwan zai taɓa tantanin? Da ya taɓa, ƙwarewa yaron zai yi, ya yi ta tari har hawaye. Zuma tana sanyaya wuya mai kaikayi, babu laifi a sha, amma ba ta kai wurin da murya take. Ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, ya jawo wa yaro gudawa ana gobe gasa. Mafi muni shi ne maganin tari mai kodin da wasu samari ke miƙa wa ƙannensu, wai yana buɗe murya. Maye yake sawa da kasala, ya busar da baki, kuma tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Wanda ya ba yaro wannan ya ji tsoron Allah.

Galibi abin da ake ta nema wa magani balaga ce kawai. Tsakanin shekara 12 zuwa 15 tantanin namiji yana ƙara tsawo da kauri, muryar ta sauka, wani sa'in ta kuɓuce masa ana tsakiyar baiti. Sai malam ya nace sai ya ɗaga ta kamar bara, har da tsawa. Malam, sauke masa waƙar zuwa inda muryarsa ta koma, ko ka canza masa wata. Makaɗan ƙasar nan, irin su Narambaɗa na Tubali da Ɗanƙwairo, da 'yan amshi suke waƙa, kuma a cikin amshi yaro ke daɗewa yana saurare kafin a bar shi ya ja waƙa. Ban da balaga, mura da ƙwannafi ma suna dusashe murya.

Ku ba yaron ruwa ya riƙa sha tun safe, musamman da hunturu idan ƙura ta taso. A raba shi da hayaƙin murhu. Ya yi barci isasshe. Ihun gidan kallon ƙwallo na dare ɗaya yana iya rushe shirin wata guda, kuma idan muryar ta dushe kada ya koma raɗa, ita ma wahalar da tantanin take yi, ya yi shiru kawai. Kafin ya fara rerawa ya ɗan riƙa fitar da sauti baki rufe, a hankali. Ya kwanta rigingine, ya ɗora hannu a cibiya, ya ja numfashi har hannun ya ɗaga, kafaɗa ba ta motsa ba. Gwaji na minti 20 sau biyu a rana ya fi na awa uku a jere. Ya san ma'anar kowane baiti, domin wanda ya fahimci abin da yake faɗa fuskarsa ma tana nunawa. Ku tara 'yan gida a tsakar gida ya tsaya ya yi musu, kuma idan ya yi tuntuɓe a bar shi ya ci gaba, kada a yi dariya. Yawancin waɗannan shawarwari sun shafi mai shirin musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa a matakin ƙasa tun 1986.

Idan dushewar ta wuce mako uku, a kai shi wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin tarayya na Gusau.